Neman Likitan Ido Mai Karɓar Inshorar Gwamnati Ga Dattawa a Legas: Tambayoyi da Amsoshi

Duk gidan da yake da dattijo a Legas, ko a Agege ne, ko Idi-Araba, Obalende, Mile 12 ko Alaba Rago, wata rana sai maganar ido ta taso. Baba ya fara nesanta Alƙur'ani da fuskarsa kafin ya ga baƙi, ko Inna ta daina iya zura zare a allura, ko a ga tsoho yana laluben bango idan magariba ta yi. Daga nan sai a shiga tambaya: ina za a kai shi, kuma katin inshora zai ɗauke wani abu daga cikin kuɗin? Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa.

Akwai inshorar gwamnati da dattijo yake samu kai tsaye saboda shekarunsa?

Babu tsarin da yake shigar da mutum don kawai ya kai wasu shekaru. Masu 'ya'ya a Amurka sukan ji labarin Medicare, wanda ake shiga daga shekara 65, sai su zaci akwai irinsa a nan. A Najeriya sai an je an yi rajista, kuma sai wani ya biya kuɗin shekara: ko dattijon, ko 'ya'yansa, ko gwamnati idan an saka shi cikin marasa ƙarfi.

Ga mazaunin Legas ƙofofi biyu ne manya. Ta farko ta jiha ce, Ilera Eko, wadda hukumar inshorar lafiya ta jihar Legas, LASHMA, take gudanarwa. An yi dokarta a 2015, aka ƙaddamar da shirin a watan Disamban 2018 zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode, sannan a 2024 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a kan umarnin da ya wajabta inshorar lafiya ga mazauna jihar. Cikin tsare-tsarenta akwai wanda aka ware wa masu shekara 60 zuwa sama. Ta biyu ta tarayya ce, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin NHIS bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka a watan Mayun 2022. A ƙarƙashinta akwai shirin GIFSHIP, wanda aka buɗe wa ɗan kasuwa, mai sana'ar hannu da wanda ya yi ritaya. Tsohon ma'aikaci ya lura: katin da ya riƙa amfani da shi lokacin yana aiki ba lallai ya ci gaba da aiki bayan ritaya ba, don haka a tabbatar kafin a kama hanyar asibiti.

Mu ba 'yan asalin Legas ba ne. Za a karɓe mu a Ilera Eko?

Za a karɓe ku. Shirin na mazauna jihar ne, ba a tambayar garin da aka yanke wa mutum cibiya. A tafi da lambar NIN, da katin zama na LASRRA idan akwai, da hoto, da lambar wayar da ba ta yawan zama a kashe.

Abin da ya fi ba mutanenmu wahala shi ne saɓanin suna da shekaru. A wata takarda Muhammadu, a wata Mohammed, a wata kuma an sa sunan gari a matsayin sunan mahaifi. Wani dattijon ya haura 70, amma takardarsa ta ce 55 saboda yadda aka cike ta a gurguje. Kafin a bar wurin rajista, wanda ya iya karatun boko ya duba harafi da harafi, ya tabbatar abin da aka shigar ya yi daidai da na NIN. Kuskuren da aka bari a nan shi ne zai tsayar da ku a teburin asibiti.

Baba yana da katin inshorar Kano. Zai yi aiki a nan?

Shirye-shiryen jihohi, irin su KSCHMA ta Kano da KADCHMA ta Kaduna, an gina su ne a kan asibitocin cikin jiharsu. Kada a dogara da su a Legas. Idan Baba ya dawo wajenku da zama, a yi masa rajista a nan. Idan kuma yana raba shekara tsakanin gida da Legas, a nemi bayanin shirin NHIA, tunda na tarayya ne, a tambaye su yadda ake yi idan ciwo ya sami mutum nesa da asibitin da ya zaɓa.

Duk wanda yake duba ido likitan ido ne?

Kashi uku ne, kuma sanin bambancinsu yana rage yawo. Akwai likitan awon ido, wanda za ku ga an rubuta Optometrist a allonsa, da haruffan OD bayan sunansa. Karatunsa shekara 6 ne a jami'a. Shi ne yake auna gani, ya rubuta lambar gilashi, ya auna ƙarfin ruwan cikin ido, ya leƙa bayan ido, ya gano cuta, ya tura gaba idan abin ya fi ƙarfin aikinsa. Akwai babban likitan ido mai tiyata, wanda ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware a ido. Shi yake cire yana, shi yake riƙe manyan cututtukan jijiyar gani da na bayan ido. Na uku shi ne mai haɗa gilashi, wanda yake yanka shi bisa lambar da aka rubuta, ya ɗora a firam, ya daidaita a fuska. Ba aikinsa ba ne ya ce ga abin da yake damun ido.

Ga dattijon da ganinsa ya ragu a hankali, likitan awon ido ya isa a fara da shi. Abin da ake so shi ne ya kasance yana da hanyar miƙa ku ga mai tiyata ba tare da kun koma farko ba.

To mu ɗauki kati mu shiga duk asibitin idon da muka gani a unguwa?

A'a, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke asarar kuɗi da rana. Inshorar gwamnati matakai gare ta. Ranar rajista an sa ku zaɓi asibiti ɗaya, shi ne asibitinku na farko, kuma ta ƙofarsa komai yake bi. Wannan asibiti yana karɓar wani abu a kan kowane mutum da aka rubuta masa, don ya kula da ƙananan larurori. Aikin ƙwararru kuwa, wanda duba ido mai zurfi yake cikinsa, ana biyansa ne daban, bayan an bayar da izini.

Ga yadda abin yake tafiya. Ku kai Baba asibitin da ke kan katinsa, likita ya saurari ƙorafinsa. Idan asibitin yana da sashen ido, a tura ku can. Idan ba shi da shi, a rubuta muku takardar turawa zuwa wani wurin da shirin ya amince da shi, teburin inshora kuma ya nemo lambar izini daga kamfanin HMO ɗinku, wato kamfanin da yake shiga tsakanin hukumar inshora da asibiti wajen izini da biyan kuɗi, ko daga hukumar idan ita take bayarwa. Da takardar da lambar za ku tafi. Wanda ya tsallake wannan ya wuce kai tsaye wurin mai awon ido, ko da wurin yana cikin shirin, da wuya a ƙi ce masa ya biya daga aljihunsa, kuma da wuya kuɗin nan su dawo.

Shi ya sa shawarar da ta fi kowace muhimmanci a wannan shafi ita ce ta ranar rajista: ga dattijo, a zaɓi asibitin da yake da sashen ido a cikinsa, ko wanda yake kusa da mai shi. Idan an riga an zaɓi wani, ana iya neman canji bayan lokacin da shirin ya ƙayyade. Wannan doka ta matakai ba ta shafi larurar gaggawa ba. Duba amsa ta ƙarshe.

Ta yaya za mu san wuraren da suke karɓar katinmu?

LASHMA da NHIA suna da jerin asibitocin da suka amince da su, haka kowane kamfanin HMO yana da nasa. Ku kira lambar da ke jikin kati, ku faɗi ƙaramar hukumarku, ku ce a ba ku sunayen wuraren duba ido biyu ko uku mafi kusa. Teburin inshora na asibitinku ma ya san inda ya saba turawa, kuma sau da yawa bayaninsa ya fi na jerin da ke intanet sabunta.

Kada ku tsaya a nan. Ku kira wurin da kansa kafin ku shiga danfo. Tambayar “kuna karɓar inshora?” ba ta wadatar ba, domin wurare da yawa za su ce e alhali inshorar kamfanoni suke nufi. Ku ambaci sunan shirin da sunan tsarin da kuka biya. Ku tambaya ko lambar izini a hannu za a zo da ita ko su suke nema, wace rana mai awon ido yake zama, kuma ko suna auna ƙarfin ruwan ido da leƙa bayan ido a wurin. Ku rubuta sunan wanda ya amsa muku da ranar. Matambayi ba ya ɓata, balle a garin da kuskuren hanya ɗaya yake cinye yini a cunkoso.

Waɗanne asibitocin gwamnati ne suke duba ido a Legas?

Manyan biyu su ne asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, inda cibiyar ido ta Guinness take, da asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja. Na farko na tarayya ne, na biyu na jiha. Bayan su akwai manyan asibitocin jiha a Orile Agege, Isolo, Gbagada, Ikorodu, Igando da tsibirin Legas, kuma a irinsu ne ya kamata mai Ilera Eko ya fara tambayar sashen ido da ranakun zamansa.

Ba kowace matsala ce take buƙatar asibitin koyarwa ba. Wanda gilashi kawai yake nema bai kamata ya je ya kama layi da masu jiran tiyata ba. A bar takardar turawa ta yi jagora.

Me inshorar take biya, me za mu biya da kanmu?

Ya danganta da tsarin da aka saya, don haka a nemi takardar da ta lissafa abin da tsarin ya ƙunsa tun ranar rajista. A dunƙule, ganin likita da awon ido na yau da kullum su ne suka fi shiga. Gilashi kuwa, inda aka saka shi, akwai iyakar kuɗin da ake biya. Idan Alhaji ya zaɓi firam mai tsada, ko gilashin da yake duhu a rana, ko mai haɗa gani na nesa da na kusa ba tare da layi ba, cikon daga aljihu ne. A shirin ma'aikata na NHIA, majiyyaci yana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin maganin da aka rubuta. Tiyatar yana da manyan gwaje-gwaje suna buƙatar izininsu daban.

Ku sa a rubuta muku a takarda: wannan inshora ta ɗauka, wannan ku za ku biya. Ku nemi haka kafin a yanka gilashi, domin wanda aka yanka ba ya komawa. A kuma sani cewa kati ba ya fara aiki ranar da aka biya. Akwai ɗan lokacin jira, kuma idan shekara ta cika ba a sabunta ba, yakan tsaya.

Ta yaya za mu tabbatar mai duba idon ba ɗan bogi ba ne?

Masu awon ido da masu haɗa gilashi suna ƙarƙashin hukumar ODORBN, wadda aka kafa a 1989, ita take ba su lasisi. Likitoci masu tiyata suna ƙarƙashin MDCN. Asibitoci masu zaman kansu a Legas kuma sai sun yi rajista da HEFAMAA. Wurin kirki yakan rataye takardunsa a bango, kuma ba ya jin haushi idan an tambaya. Ku yi hattara da wanda ya rubuta gilashi cikin minti biyar bai leƙa cikin ido ba, da wanda ya ce yana da maganin ɗigawa mai narkar da yana.

Me ya kamata a yi wa dattijo a cikakken awon ido?

Za a zaunar da shi gaban allo ya karanta da ido ɗaya-ɗaya. Idan bai yi boko ba babu damuwa: akwai allo mai alama mai yatsu uku, sai ya nuna da hannunsa inda yatsun suka fuskanta. Sai a ɗora masa firam na gwaji, a riƙa sauya gilasai ana tambayarsa wanne ya fi. A gaya wa Baba tun a gida cewa wannan ba wurin kara ba ne. Idan bai gani ba ya ce bai gani ba. Dattawanmu sukan ce “Alhamdulillahi, ya yi” don kada su wahalar da likita, sai a rubuta musu lambar da ba tasu ba.

Abu biyu da ba za ku yarda a tsallake ba su ne awon ƙarfin ruwan cikin ido da leƙa bayan ido. Na farko ana yin sa da wata na'ura mai huro iska, ko a ɗiga magani a taɓa idon a hankali ƙarƙashin shuɗin haske. Lambar da aka saba gani tana tsakanin 10 da 21. Na biyu ana ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido a duba jijiyar gani. Dalilin nacewa a kansu shi ne cutar da ake kira hawan jinin ido ko gilakoma. Ba ita ce hawan jinin da aka sani ba. Mutum zai iya samunta jininsa lafiya lau. Tana cin gani daga gefe, ba ciwo ba ja, mutum yana karatunsa har sai ya fara tuntuɓe da kujera ko babur ya gifta bai gan shi ba. Abin da ta ci ba ya dawowa, amma magani yana tsayar da ita. Idan an yi zarginta za a ƙara gwajin faɗin gani, inda ake danna maɓalli duk lokacin da aka hango ɗigon haske.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama sun makance. Yana ce ta jawo kashi 43 cikin ɗari na makantar, gilakoma kusan kashi 17, kuma kashi 84 cikin ɗari abin da za a iya hanawa ne ko a magance. Binciken ya kuma nuna cewa cikin masu gilakoma, fiye da 9 cikin 10 ba su san suna da ita ba. Idan an samu Baba da ita, ku 'ya'yansa da ƙannensa ku je a auna ku, domin tana bin jini.

Gilashin karatu da masu talla suke sayarwa a kasuwa bai wadatar ba?

Kowa ya san yadda ake yi: mai talla ya miƙa maka guntun jarida, ka riƙa gwada gilasai har rubutu ya fito. Gaskiya gilashin karatu irin wannan ba ya lalata ido, kuma yana taimaka wa wanda matsalarsa kawai raunin gani na kusa ne, wanda yake zuwa wa kowa daga wajen shekara 40. Illarsa biyu ce. Lamba ɗaya ce a ido biyu, alhali idanun mutane da yawa ba ɗaya suke ba. Mafi muni kuma, da zarar rubutu ya fito sai a fasa zuwa asibiti, cutar da aka bayyana a amsar da ta gabata ta ci gaba da aikinta. A je awo tukuna. Idan likita ya ce na karatu kawai ake buƙata, ya faɗi lambar, sai a saya inda aka ga dama.

Me za mu tanada ranar zuwa?

Katin inshora, takardar turawa, lambar izini, tsohon gilashi ko da ya karye, da duk magungunan da yake sha ko yake ɗigawa a cikin leda ɗaya. A yi sammako. A karya kumallo, musamman mai ciwon suga, domin zaman yakan yi tsawo. Kada dattijo ya tafi shi kaɗai kuma kada ya tuƙa mota: maganin buɗe ƙwayar ido yana sa gani ya dushe, haske ya dame shi na wasu awoyi, kuma ba a sakin mutum haka ya tsallaka titin Oshodi. A riƙe masa baƙin tabarau ko hula mai baki.

Mai rakiya ya zama wanda yake jin Turanci ko Yarbanci ko Turancin buroka, kuma wanda zai fassara abin da tsohon ya faɗa, ba abin da shi yake zato ba. Idan Hajiya ta fi son mace ta duba ta, a faɗa tun a teburin karɓar kati. Mata masu awon ido suna da yawa a Legas.

An ce yana ce, an tura mu wajen mai tiyata. Mu yi a nan ko mu koma gida?

Yana gilashin halitta ne na cikin ido da ya yi hazo, kuma tiyata ce kaɗai maganinta. Ana kashe zafin idon, a cire mai hazon, a dasa na roba a gurbinsa. Yawanci ba ta kai awa guda, kuma ana sallama ranar ko washegari. Ba sai an jira ido ya rufe gaba ɗaya ba. Idan ta hana mutum karatu, kasuwa ko zuwa masallaci shi kaɗai, lokaci ya yi. Ana buƙatar sabuwar lambar izini, kamar yadda aka faɗa a amsar abin da inshora take biya.

Mutanenmu da yawa hankalinsu ya fi kwanciya da asibitocin gida, irin su asibitin ido na ECWA da na Makkah a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Babu laifi a hakan, sai dai katin Ilera Eko ba zai bi ku can ba. Abin dubawa shi ne inda Baba zai zauna makonni bayan aikin, da wanda zai riƙa ɗiga masa magani a kan lokaci, domin akwai komawa asibiti sau da dama. A tambayi likita yaushe zai koma yin sujada da wanke fuska a alwala.

Abin da nake roƙon kowa da Allah ya guje masa shi ne masu yawo gari-gari suna tura yana cikin ido da tsinke. Binciken da aka ambata a sama ya samu cewa kusan rabin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana ta wannan hanya aka yi musu, kuma akasarinsu ba su samu gani mai kyau ba.

Inna tana da ciwon suga da hawan jini, amma ba ta kuka da ido. Sai mun kai ta?

Ku kai ta, ko da ba ta so. Suga yana lalata ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido tun kafin gani ya canza, don haka a buɗe ƙwayar ido a duba aƙalla sau ɗaya a shekara. Ku nemi takardar turawa daga likitan da yake ganin ta don sugan. Kada a auna mata gilashi ranar da suga ya hau sosai, domin lambar tana sauyawa. Dattijon da ba shi da wata larura ma ya dace a duba shi duk shekara ɗaya ko biyu.

Maganin ɗigawa ya ƙare. Mu saya a kemis? Kuma ya za a yi da azumi?

Maganin gilakoma ba a dakatar da shi don ido ya yi daɗi. Na kullum ne. Ku koma asibiti tun kwalbar ba ta ƙare ba. Idan ɗakin magani ya ce babu, teburin inshora ya faɗa muku inda za ku karɓa a ƙarƙashin shirin, kafin ku fitar da kuɗi. Idan dole ta sa kuka saya, ya zama ainihin wanda aka rubuta, ku ajiye rasit. Kada mai kemis ya zaɓa muku: wasu magungunan jan ido suna ɗaga ƙarfin ruwan ido idan an daɗe ana ɗiga su, wani maganin gilakoma kuma yana tayar da asma, don haka likita ya san ko Baba yana da ita.

Game da azumi, malamai sun yi bayani a kan ɗiga magani a ido, kuma a tambayi malamin da aka yarda da shi. Ta ɓangaren likita, magunguna da yawa sau ɗaya ko biyu ake ɗigawa a rana, ana iya daidaita su da sahur da buɗa-baki. A tambaya kafin watan ya kama, kada a ajiye magani kwana 30.

Baba ya ce inshora haramun ce. Me za mu ce masa?

Ba da gardama ake shawo kan dattijo ba. Ku kai maganar wajen malamin da yake girmamawa, ku bayyana masa yadda tsarin yake: jama'a ne suke zuba kuɗi a asusu ɗaya da gwamnati take kula da shi, a yi wa wanda ya kwanta magani daga ciki. Malamai da yawa suna bambanta irin wannan taimakekeniya da inshorar kasuwanci.

An ƙi karɓar kati, ko an ce mu biya abin da muka san yana ciki. Ina za mu kai kuka?

Ku fara da teburin inshora na asibitin, ku nemi a faɗi dalili. Sau da yawa sunan ne bai fito a jerin watan ba, ko kati ya ƙare, ko lambar izini ba ta iso ba. Ku kira kamfanin HMO ko LASHMA kuna tsaye a wurin, ku haɗa su da ma'aikacin. A 2025 NHIA ta umarci kamfanonin HMO su riƙa bayar da lambar izini cikin awa ɗaya da nema, don haka mai katin tarayya yana da hujjar matsawa. Idan ba a warware ba, ku rubuta ƙorafi da kwanan wata da kwafin rasit, ku kai ofishin LASHMA da ke Alausa a Ikeja, ko ofishin NHIA na jiha. Ladabi da takarda sun fi ɗaga murya tasiri.

Ba mu da halin biyan kuɗin shekara ko kaɗan. Shi ke nan?

Ba shi ke nan ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, kuma tsofaffi marasa ƙarfi suna cikin waɗanda ake yi wa rajista kyauta da shi. A tambaya a ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa, ko a bi ta fadar Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa, waɗanda sukan ji labarin rajista da wuri. Akwai kuma shirin Jigi Bola na awon ido da raba gilashi kyauta, wanda aka fara zamanin Bola Tinubu yana gwamna. Asibitoci da ƙungiyoyi sukan yi awo kyauta a makon gilakoma cikin watan Maris, da ranar gani ta duniya, Alhamis ta biyu a watan Oktoba. Irin wannan awo tantancewa ce kawai. Idan an ba ku takarda an ce ku je asibiti, ku je.

Yaushe ne ba za mu jira takarda ko lambar izini ba?

Idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ko da babu ciwo. Idan ido ya yi ja da ciwo mai tsanani tare da ciwon kai, amai, ko ganin zobe kewaye da fitila. Idan dattijo ya ce yana ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa sun bayyana, ko wani duhu yana saukowa daga gefe ɗaya. Idan wani abu ya soki idon, ko ciwo ya ƙaru gani ya ragu bayan tiyata. A duk waɗannan a wuce sashen gaggawa na LUTH, LASUTH ko babban asibiti mafi kusa a ranar, wani daga cikin 'ya'ya ya kira lambar da ke jikin kati kuna kan hanya.

Idan ruwan batir, siminti ko wani sinadari ne ya shiga, a fara wanke idon da ruwa mai tsabta, mai yawa, na aƙalla minti 15, kafin a tashi. Kada a ɗiga nono, ruwan albasa, ruwan suga ko kwalli, kada kuma a yi ƙoƙarin zare abin da ya kafe a ido. Idan rashin ganin ya zo da karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu, alamar shanyewar ɓarin jiki ce; a kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na jihar Legas.